Yirrkala: Makarantar da Iyaye Suka Zaunar da Malamai Suka Koya Musu

Yirrkala ƙaramin gari ne a bakin teku, a kusurwar arewa maso gabas ta Arnhem Land, cikin Yankin Arewa na ƙasar Ostareliya. Mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba, kuma mafi yawansu Yolngu ne, ɗaya daga cikin al'ummomin Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. Daga Darwin, babban birnin yankin, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota, a kan hanyar da galibinta burji ce, wadda ruwan damina ke yankewa. Yaron da aka haifa a nan yana tashi ne da harshen gidansu a baki. Turanci sai daga baya, kuma sau da yawa shi ne na uku ko na huɗu a cikin harsunan da yake ji.

Malaman da gwamnati ke turowa kuwa yawancinsu daga biranen kudu suke zuwa. Yolngu na kiran irinsu Balanda. Sukan sauka da takardar shaidar koyarwa mai kyau da niyya mai kyau, amma ba su san kalma ɗaya ta harshen yaran ba, ba su san wane ne wane ba, da yawansu kuma shekara ɗaya ko biyu suke yi su tattara kayansu. Abin da wannan nazari ya bibiya shi ne yadda makarantar garin ta yi da wannan giɓi, da abin da ya ci mata tuwo a ƙwarya.

Yadda aka faro

'Yan mishan na cocin Methodist ne suka kafa Yirrkala a 1935. Makarantar zamanin mishan, da ta zamanin da gwamnati ta karɓi ragama, manufarta a fili take: a narkar da yaron Aborijin ya koma irin Bature a harshe da ɗabi'a. Iyaye ba su da ta cewa. Aikinsu su turo yara, su koma gefe.

Sai dai Yolngu ba mutanen da ake ajiyewa a gefe su zauna ba ne. Tun kafin Turawa su iso, sun daɗe suna hulɗa da fatake Musulmi daga Makassar ta Indonesiya, masu zuwa kowace shekara neman wata dabbar teku da ake kai wa kasuwannin Sin, har zuwa wajen 1907 da aka hana zuwan. Sun san yadda ake karɓar baƙo a kuma gindaya masa sharaɗi. A 1963, da gwamnati ta yanki ƙasarsu ta bai wa masu haƙar ma'adinin alminiyam ba tare da shawara da su ba, sai suka aika wa majalisar tarayya da takardar koke cikin harshensu da Turanci, manne a kan ɓawon itace da aka zana da alamomin zuri'oinsu. Daga baya suka kai kamfanin haƙar, Nabalco, kotu. A 1971 alƙali Blackburn ya yanke hukuncin da bai yi musu daɗi ba, amma ya amsa cewa mutanen nan suna da cikakken tsarin doka nasu. Garin Nhulunbuy na ma'aikatan haƙar ya tashi kilomita 18 kacal daga Yirrkala, da giya da duk abin da ke biyo ta. A 1976 aka yi dokar da ta mayar wa Aborijin na yankin da mallakar filayensu.

Na kawo wannan tarihi ne don iyayen da suka tsaya a kan makaranta daga baya su ne 'ya'ya da ƙannen waɗanda suka tsaya a kan ƙasa. Wanda ya ja da majalisa da kamfani ba zai ji shakkar hedimasta ba.

A ƙarshen 1972 Firaminista Gough Whitlam ya sanar cewa yaran Aborijin za su fara karatu da harsunansu, aka soma shirin a 1973, Yirrkala kuma na cikin makarantun da suka shiga tun shekarunsa na farko. An fara da Gumatj, harshen ɗaya daga cikin manyan zuri'oin garin. Aka buɗe ɗakin buga littattafai a cikin makarantar, aka ɗauki Yolngu a matsayin mataimakan malamai. Ci gaba ne, amma na rabi. Harshen yaran ya shigo aji, abin da ake faɗa da shi kuwa manhajar Balanda ce aka juya. Mai yanke shawara Balanda ne, Bayolnge (wato ɗan Yolngu) kuma tafinta ne, mai tsawatar wa yara, mai raba alli.

Inda lamarin ya juya

A tsakiyar shekarun 1980 ma'aikatan makarantar 'yan Yolngu, tun daga malamai har masu shara da direbobi, suka kafa kwamitinsu na kansu. Suna zama su kaɗai, su tattauna da harshensu, su fito da matsaya a kan al'amuran yau da kullum na makaranta. A samansu akwai majalisar makaranta, wadda ta ƙunshi iyaye da dattawan zuri'oi daban-daban, har da na ƙananan ƙauyukan da mutane suka koma suka kafa a kan filayen kakanninsu. Abin da suka nema ba ƙarami ba ne: su sa baki a kan abin da za a koyar, da wanda za a ɗauka aiki, da yadda za a kashe kuɗi.

Wannan zama na su kaɗai yana da muhimmancin da mai kallo daga nesa ba zai gane ba. A taron da ake yi da Turanci, wanda Turanci ne harshen uwarsa shi ke cin kasuwar, ko da kuwa shi ne mafi ƙarancin sanin abin da ake magana a kai. Shirun Bayolnge a irin wannan taro sai a rubuta shi a matsayin amincewa, alhali wataƙila ba huruminsa ba ne ya yi magana a kan batun, ko akwai wanda ya wajaba ya tuntuɓa tukuna. Da aka raba zaman, sai matsayar Yolngu ta riƙa isowa teburin shugaban makaranta a dunƙule, an riga an dafa ta.

A daidai wannan lokaci ana horar da malaman Yolngu ta wani shiri na Kwalejin Batchelor, wanda ke bin su har garuruwansu maimakon ya kwashe su zuwa birni, daga baya kuma da haɗin gwiwar Jami'ar Deakin. Mandawuy Yunupingu ya kammala digirinsa na ilimi ta wannan hanya, ya zama mataimakin shugaban makarantar a 1989, ya hau kujerar shugaban a 1990, ɗan Yolngu na farko da ya riƙe ta. Duniya ta fi saninsa da waƙa, don ya bar aikin a ƙarshen 1991 ya bi ƙungiyarsa ta Yothu Yindi, amma a Yirrkala malami ne kafin komai. Tare da shi akwai Raymattja Marika, masaniyar harsuna, da matarsa Yalmay, da wasu mata da dama da suka ɗauki nauyin aikin shekara da shekaru.

Da suka je wa dattawa da tambayar yaya makarantar Yolngu ya kamata ta kasance, dattawan ba su ba su jadawali ba. Sun nuna musu ganma, wani wuri a bakin teku inda ruwan daɗi mai gangarowa daga tudu ke haɗuwa da ruwan gishiri mai shigowa daga teku, kumfa ta taso a inda suka gamu. Ruwan tudu ilimin Yolngu ne, na teku ilimin Balanda. Kowanne yana da ƙarfinsa da lokacin da yake rinjaye, kuma babu wanda ke shanye ɗan'uwansa. A kan wannan aka gina abin da ake kira karatun hanya biyu.

Abin da malami baƙo yake koya

Nan ne zuciyar lamarin. A Yirrkala ba a tara sababbin malamai a yi musu lacca ta yini ɗaya a kan al'ada a ba su takardar shaida. Abu na farko da ke faruwa da baƙon da ya zo zama shi ne wani gida ya ɗauke shi. Wata mata ta ce wannan ƙanwata ce, ko wani ya ce wannan ɗana ne. Daga wannan kalma ɗaya baƙon ya shiga gurrutu, tsarin dangantakar da ya ɗaure kowane Bayolnge da kowane Bayolnge.

A wurinsu komai na duniya ya rabu gida biyu, Dhuwa da Yirritja: mutane, zuri'oi, filaye, harsuna, dabbobi, iskoki, waƙoƙi. Yaro na bin ɓangaren ubansa, uwarsa kuma dole daga ɗaya ɓangaren take, don ba a aure a cikin ɓangare ɗaya. Malamar da aka ɗauka ta samu ɓangare, ta samu suna, sai ta wayi gari yaran ajinta ba jerin sunaye a rajista ba ne. Wannan ɗanta ne, waccan uwarta ce ko da shekarunta bakwai, wancan kakanta ne. Iyayen da take jin nauyin tunkara sun zama yayye da kawunnai. In yaro ya kwana biyu bai zo ba, ba wasiƙa za ta rubuta ba. Za ta tambayi abokiyar aikinta Bayolnga wa ya dace a yi wa magana, don ba lallai uwa ko uba ne ke da ta cewa a kan kowane abu ba, sannan su tafi tare su zauna a inuwar gidan.

Dangantakar tana zuwa da hani. Namiji ba ya magana da wadda take a matsayin surukarsa, ba ya kama sunanta, ba ya zama kusa da ita. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, don ya san kunyar surukai, sai dai tasu ta fi tamu tsauri nesa ba kusa ba, kuma tana iya faɗawa tsakanin yara biyu 'yan aji ɗaya. Akwai kuma takatsantsan tsakanin wa da ƙanwa, musamman a kan duk abin da ya shafi jiki. Malamin da bai san haka ba sai ya haɗa yara biyun nan aikin rukuni, su ƙi, ya rubuta cewa masu taurin kai ne. Haka batun mamaci: in mutum ya rasu a daina kiran sunansa na wani lokaci, har kalmar da ta yi kama da sunan a kauce mata. Da Mandawuy ya rasu a 2013, kafafen yaɗa labarai na ƙasar sun koma kiransa Dakta Yunupingu saboda wannan. Malamin da ya buɗe rajista ya ƙwala sunan yaron da ya yi takwara da wanda aka binne makon jiya ya ji wa aji duka ciwo bai sani ba. Jana'iza ma ba ta yini ɗaya ba ce. Takan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma kowace zuri'a tana da rawar da dole ta taka.

Duk wannan ba a littafi ake koyonsa ba. Ana koyonsa ne a aji, inda aka haɗa malamin Yolngu da na Balanda su tsara darasi tare su koyar tare, da kuma a zaman koyon juna da makarantar ke ware wa ma'aikatanta, inda wani lokaci Yolngu ke gaba suna koyar da harshe da dangantaka, wani lokaci Balanda ke bayanin abin da manhajar gwamnati ke nufi. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ya sa mai digiri a matsayin ƙaramin yaro a cikin ilimin garin, kuma ya sa shi a hannun mutanen da za su gyara masa kuskure da haƙƙi, don yanzu ɗansu ne.

Iyaye a cikin manhaja

Makarantu da yawa in sun ce suna aiki da iyaye, abin da suke nufi shi ne a kira su ranar rabon sakamako, ko su zo su yi rawar gargajiya in baƙi sun zo. A Yirrkala dattawa sun shiga cikin abin da ake koyarwa kansa. Ta hanyar bitocin da ake kira Galtha Rom, ana kwashe yara da malamai a kai su wani wuri na musamman, masu wurin su tsaya su bayyana tarihinsa da waƙoƙinsa da iyakokinsa, da lokacin da kifi kaza ke ƙiba, da furen da ke nuna lokacin ya yi. Dattawa ne ke zaɓar batun da wurin, su ne kuma ke faɗin iyakar abin da za a buɗe wa yara, don akwai ilimin da ba na kowa ba ne. In an dawo makaranta sai a yi makonni ana rubutu da zane da taswira da lissafi a kan abin da aka gani.

Lissafin ma sun taɓa shi. Sun lura cewa sunayen dangantaka suna zagayowa: in ka bi layin uwa, daga uwa zuwa kaka zuwa sama, bayan hawa huɗu sai sunan ya dawo inda ya fara. Yaro ɗan shekara shida a Yirrkala yana sarrafa wannan tsari a ka ba tare da tuntuɓe ba. Sai aka mai da shi tsani zuwa ga tsarin lambobi, wanda shi ma zagayowa yake yi duk bayan goma. Sanin wurare da alaƙarsu da juna kuma ya zama tsani zuwa awo da taswira. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki da malaman Yolngu akwai Helen Verran, wadda kafin nan ta yi shekaru tana koyarwa a jami'ar Ile-Ife a Najeriya, tana nazarin yadda yaran Yarabawa ke ƙirga.

Kada a ɗauka bakin iyaye ɗaya ne kullum. Batun harshen koyarwa ya jawo muhawara mai zafi. Yaran garin sun taso da Dhuwaya, harshen da ya samu daga cuɗanyar zuri'oi a zaman mishan, wasu dattawa kuma suna ganinsa maganar yara ce da bai kamata ta hau allo ba. A shekarun 1980 aka koma fara karatu da Dhuwaya saboda shi yaran suka fi ji, aka bar harsunan zuri'oi su shigo yayin da yaro ke girma. Abin lura shi ne a cikin garin aka yi gardamar, a cikinsa aka yanke.

Hannun gwamnati

Sau biyu aka nemi rushe wannan tsari da takarda ɗaya daga Darwin. A Disamban 1998 gwamnatin yankin ta ce za ta janye shirin harshe biyu a hankali. Garuruwa suka yi ca, aka tara sa hannu aka kai majalisa, bayan rahoton binciken da tsohon sanata Bob Collins ya yi a 1999 kan ilimin Aborijin na yankin kuma shirin ya tsira da sabon suna da ƙarancin gata.

Na biyun ya fi muni. A 2008 aka fara jarrabawar ƙasa ta NAPLAN, da Turanci, ga 'yan aji 3 da 5 da 7 da 9. Sakamakon Yankin Arewa ya fito a ƙasan kowa. A watan Oktoba ministar ilimi Marion Scrymgour, ita ma 'yar Aborijin, ta ba da umarnin cewa awa huɗu na farko na kowace ranar makaranta da Turanci za a yi su. Makarantun da ke bin tsarin harshe biyu a lokacin ba su kai goma ba, sauran masu yawa da Turanci zalla suke koyarwa kuma su ma sun faɗi, amma kan 'yan tsirarun nan hukuncin ya sauka. Ga kuma rashin adalcin awon kansa: a tsarin Yirrkala yaro na fara iya karatu da rubutu da harshensa, yana koyon Turanci da baki, sai ya yi ƙwari a tsallaka da shi zuwa rubutun Turanci. Auna shi da Turanci a aji 3 auna shi ne a kan abin da ba a kai ga koya masa ba. Ba a tuntuɓi majalisar makarantar ba. Wannan kuma a shekarar da Firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa a watan Fabrairu ya nemi gafarar Aborijin a kan 'ya'yansu da aka raba su da su.

Yirrkala ta ƙi. Yalmay Yunupingu ta fito fili ta ce za ta ci gaba da koyar da yaranta da harshensu, majalisar iyaye ta tsaya a bayanta, malaman Balanda da suka daɗe a garin su ma ba su zame ba, ko da yake albashinsu a hannun ma'aikatar yake. A ganina wannan ne gwajin gaskiya na duk zaman koyon junan da aka yi. Malamin da al'ada ta tsaya masa a lacca, ranar da takarda ta zo zai bi takarda. A 2012 aka jingine dokar, amma kafin nan shirin ya riga ya durƙushe a wasu makarantun da ba su da irin wannan majalisa.

Abin da aka samu da abin da ya rage

Daga baya shirin karatu a kan ƙasar kakanni ya ƙara ƙarfi, inda manyan ɗalibai ke fita da masu gadin daji da teku na ƙungiyar Dhimurru, wadda Yolngu suka kafa a 1992, aikin kuma yana shiga cikin makin takardar shaidarsu. Shugabancin makarantar ya koma na mutum biyu, Bayolnge da Balanda, kuma Merrkiyawuy Ganambarr-Stubbs ta riƙe ɓangaren Yolngu. A 2020 ɗalibai takwas suka kammala aji 12, wato ajin ƙarshe na sakandare, huɗu daga cikinsu da makin shiga jami'a kai tsaye, abin da ba a taɓa samu a garin ba. Ga wanda ya saba da makarantar da ke yaye ɗaruruwa, takwas ba komai ba ne. Ga garin da aka sha gaya wa cewa harshensa ne ke hana 'ya'yansa karatu, babbar hujja ce.

Amma zuwa makaranta kullum har yanzu ciwo ne a duk ƙauyukan nesa na yankin, inda sau da yawa rabin yara ne ko ƙasa da haka ke aji a rana. Cunkoso a gidaje, ciwon kunne da ke rage wa yara ji, yawan mace-mace da jana'izar da ke biyo baya, babu wanda zumuncin malami da iyaye zai warkar shi kaɗai. An kuma shafe shekaru ana bai wa makarantun yankin kuɗi bisa yawan masu zuwa maimakon yawan masu rajista, wato makarantar da ta fi buƙatar hannu ita ake rage wa.

Akwai wani nauyi da ba a cika faɗa ba. Tun 2011 ƙa'idojin aikin malanta na ƙasar suka wajabta wa kowane malami sanin al'ada da tarihin Aborijin da iya hulɗa da iyaye. A takarda ya yi kyau. A aikace, wa ke koyarwar? Matan Yolngu ne, da yawansu a kan albashin mataimakan malamai. Su karɓi baƙuwa, su ba ta suna, su yi haƙuri da kurakuranta, su kai ta gidajensu, ta fara jin harshe kenan sai ta samu canjin wurin aiki, a watan Janairu su sake daga farko da wata. Wasu baƙin kuma suna karɓar sunan su yi ado da shi, ba su ɗauki wajibcin da ke tare da shi ba, na zuwa jana'iza da taimakon dangi da komowa ziyara bayan an tafi.

Shirin Batchelor da ya haifar da su Mandawuy ya yi rauni tun shekarun 1990, yawan ƙwararrun malaman Aborijin a ƙauyuka ya ragu, sai a 'yan shekarun nan gwamnatin yankin ta sake farfaɗo da shi a wasu garuruwa. Yalmay Yunupingu ta yi ritaya a 2023 bayan shekara arba'in tana aiki a makarantar, a 2024 kuma aka ba ta lambar dattijuwar shekara ta ƙasar Ostareliya. Tsararta, waɗanda suka zauna gaban dattawan da suka ba da ganma, suna barin aji ɗaya bayan ɗaya, kuma horar da Bayolnge ɗaya har ya zama cikakken malami, yana aiki yana karatu yana riƙe da gida, yakan ci shekaru masu yawa fiye da zaman da yawancin malaman Balanda ke yi a garin.